Cinikin Luwiziyana na 1803: ina Amurka ta samo kuɗin, kuma me ta saya?

Sadiya A.

Assalamu alaikum malamai. Akwai abin da ya ɗaure min kai a farkon tarihin Amurka. Duk inda aka zo maganar shekarar 1803 sai a ce Amurka ta sayi Luwiziyana daga hannun Faransa a kan dala miliyan 15, faɗin ƙasar ya ninka, shi ke nan a wuce gaba. To amma ƙasar da ba ta fi shekara 14 da fara aiki da kundin tsarin mulkinta ba, ga bashin yaƙin neman 'yanci a wuyanta, a ina ta ga miliyan 15? Zinariya aka loda a jirgi aka kai Faris, ko yaya aka yi? Na biyu, Napoleon da aka sani da haɗiye ƙasashen mutane, me ya kai shi sayar da tasa? Ruwa dai ba ya tsami banza. Don Allah wanda ya san batun ya warware min shi dalla-dalla, da ranaku da alƙaluma.

Malam Bashir

Wa alaikumus salam, Malama Sadiya. Zan ɗauki tambayarki ta biyu, ta kuɗin kuwa in bar wa waɗanda suka fi ni sanin lissafi.

Abin da za ki fara riƙewa shi ne, ba Luwiziyana Amurka ta je saye ba. Gari ɗaya take so, New Orleans, da bakin kogin Misisipi, kuma dalilin na sufuri ne. Manoman da suka tsallake duwatsun Appalachian suka zauna a Kentucky da Tennessee da kwarin kogin Ohio ba su da hanyar kai amfanin gona gabas. In aka ɗora garin alkama ko taba a keken doki aka haura duwatsu, kuɗin dako sai ya cinye kuɗin kaya. Don haka sai su haɗa jirgin katako mai shimfiɗaɗɗen gindi, su loda, ruwa ya gangara da su Ohio ya zuba su a Misisipi har New Orleans. Jirgin ba ya komawa, domin ba ya iya hawan ruwa. A can ake ɓaɓɓalla shi a sayar da katakon, masu shi su koma gida a ƙasa ta hanyar Natchez. Ba ya kuma iya shiga teku. Ke nan dole a sauke kayan a gaɓa, a zuba a sito, a jira babban jirgin da zai kai su New York ko Turai. Wanda ke riƙe da wannan gaɓar, shi ke riƙe da maƙogwaron yammacin Amurka.

Tun 1762 Faransa ta miƙa wa Sifaniya yankin. A watan Oktoba 1795 jakadan Amurka Thomas Pinckney ya samo yarjejeniya da Sifaniya: Amurkawa za su bi kogin, za su kuma sauke kaya a New Orleans ba tare da biyan kuɗin fito ba, sai kuɗin sito kawai. An ɗebi shekara uku, da sharaɗin in an hana su nan to a ba su wani wurin a bakin kogin. Sifaniya a lokacin ta yi rauni, Amurka ba ta tsoron maƙwabtaka da ita.

Ranar 1 ga Oktoba 1800 aka ƙulla yarjejeniyar sirri ta San Ildefonso, Sifaniya ta yarda ta mayar wa Faransa Luwiziyana, a madadin wata masarauta a Italiya da za a ba surukin sarkin Sifaniya. Dubi ranar da kyau: kwana ɗaya kacal bayan Faransa ta sa hannu kan sulhu da Amurka, wanda ya kawo ƙarshen faɗan jiragen ruwan da suka yi ta yi tun 1798. Da labari ya fasu, Shugaba Thomas Jefferson, wanda kowa ya san shi da ƙaunar Faransa, ya rubuta wa jakadansa a Faris, Robert Livingston, a Afrilu 1802 cewa amfanin gonar kashi uku cikin takwas na faɗin ƙasarsu ta New Orleans yake bi, kuma ranar da Faransa ta karɓi garin, dole Amurka ta jingina da Birtaniya da rundunar ruwanta.

Sai kuma a Oktoba 1802 jami'in kuɗi na Sifaniya a garin, Juan Ventura Morales, ya soke izinin sauke kayan, bai kuma ba da wani wurin ba. Yamma ta ɗauki zafi. A Fabrairu 1803 Sanata James Ross ya kawo ƙuduri a ba shugaba ikon tara dakaru 50,000 su ƙwace garin da ƙarfi. Jefferson ba ya son yaƙi, sai ya tura James Monroe ya je ya dafa wa Livingston, majalisa ta ware dala miliyan 2, aka ba su izinin yin tayi har kusan dala miliyan 10 a kan New Orleans da Florida.

Shi Napoleon fa, shirinsa daban ne. Abin da ya fi tsone masa ido shi ne Saint-Domingue, Haiti ta yau, wadda kafin boren bayi na 1791 babu yankin mallaka a duniya da ya kai ta kawo kuɗin sukari da kofi. Niyyarsa ya karya Toussaint Louverture, jagoran tsofaffin bayin da ke riƙe da yankin, ya dawo da bauta, Luwiziyana kuma ta zama rumbun da zai ciyar da gandayen rake da abinci da katako. Ya tura surukinsa Janar Leclerc da sojoji sama da 20,000 a farkon 1802. An kama Toussaint da yaudara a watan Yuni, amma da labari ya iso cewa an dawo da bauta a tsibirin Guadeloupe, sai baƙaƙen sojojin da suka miƙa wuya suka sake juyawa. Ga yaƙin sunƙuru, ga ciwon shawara. Leclerc kansa ya mutu a Nuwamba 1802. Rundunar da aka tanada don zuwa karɓar New Orleans kuwa ƙanƙara ta tsare jiragenta a tashar ruwa a Holand duk tsawon hunturun.

To idan babu Saint-Domingue, rumbun wa za a cika? Ga shi sulhun da ke tsakanin Faransa da Birtaniya yana tangal-tangal, kuma da an fara yaƙi jiragen Birtaniya za su ƙwace New Orleans cikin sauƙi. Gara ya sayar da abin da ba zai iya tsarewa ba. Ranar 11 ga Afrilu 1803 ministan waje Talleyrand ya tambayi Livingston nawa za su biya a kan yankin gaba ɗaya. Livingston ya taya faran (kuɗin Faransa) miliyan 20. Washegari Monroe ya iso. Ministan baitulmali Barbé-Marbois ya fara da miliyan 100, aka yi ta ja har aka tsaya a 80. Jakadun ba su da izinin wannan ciniki, kuma wasiƙa zuwa Amurka da dawowarta sai ta ci wata uku, don haka suka yi gaban kansu. Takardar tana ɗauke da ranar 30 ga Afrilu. Ranar 18 ga Mayu Birtaniya ta shelanta yaƙi da Faransa.

A ganina an cika zuzuta barazanar da Jefferson ya yi. Mutanen da suka tilasta wannan ciniki su ne tsofaffin bayin Haiti, kuma Amurka ba ta amince da Haiti a matsayin ƙasa ba sai 1862.

Malama Rabi

Malam Bashir ya kawo mu bakin ciniki. Sai dai, Malam, faɗuwa ta zo daidai da zama kam, amma da Amurka ba ta da mutunci a kasuwar bashi ta Turai, da tayin ya zo ya wuce ta. Malama Sadiya, babu jirgin zinariyar da ya tashi daga Amurka a 1803. Takarda aka bayar.

Miliyan 15 ɗin kashi biyu ne. Faran miliyan 60, wato dala 11,250,000, shi ne na Faransa. Faran miliyan 20, wato dala 3,750,000, bai ma je Faris ba: bashi ne da Amurkawa 'yan kasuwa ke bin Faransa, na kaya da jiragen da aka kama musu kafin sulhun 1800, sai gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin biyan mutanenta da kanta. Canjin da aka rubuta a yarjejeniyar shi ne faran biyar da sulusi a dala ɗaya.

Na Faransa kuwa ga yadda aka tsara shi. Baitulmalin Amurka ya buga takardun lamuni na dala 11,250,000 masu kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara. Wato dala 675,000 duk shekara, a biya rabi-rabi kowane wata shida, a Landan ko Amsterdam ko Faris. Uwar kuɗin ba za a fara biya ba sai bayan shekara 15, sannan a riƙa biyan aƙalla miliyan 3 a shekara.

Mai shirin yaƙi ba ya jiran shekara 15. Napoleon tsaba yake so, saboda haka ya sayar da takardun ga bankuna biyu, Baring na Landan da Hope na Amsterdam, da ragi. A kan miliyan 60 ɗin kimanin faran miliyan 52 ya karɓa. Bankunan suka karkasa takardun suka sayar wa masu kuɗin Ingila da Holand, ragin ya zama ribarsu. Ki lura da abin dariyar: bankin Landan ne ya tara wa Napoleon kuɗi a daidai lokacin da yake jibge sojoji a Boulogne don mamaye Ingila. Gwamnatin Birtaniya ta kau da kai da farko, domin ta fi son yankin ya faɗa hannun Amurka a kan ya zauna a hannun Faransa. Daga baya ta nemi Baring ya daina aika kuɗin, sai Hope ya ƙarasa.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa attajirin Amsterdam zai yarda da takardar ƙasa mai mutum miliyan 5.3 a ƙidayar 1800. Amsar tana 1790. A shekarun 1780 takardun bashin Amurka sun zama abin banza, ana sayar da su a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, saboda gwamnatin tarayya ba ta da ikon karɓar haraji. Alexander Hamilton, sakataren baitulmali na farko, ya haɗa bashin tarayya na kimanin dala miliyan 54, ya ɗora bashin jihohi har miliyan 21.5, ya musanya tsofaffin takardu da sababbi, ya kuma ɗaure biyan kuɗin ruwansu da kuɗin kwastan. Tun daga nan ake biya a kan kari. Jefferson da James Madison sun yaƙi wannan tsari, suna cewa 'yan baranda ne za su ci ribar, waɗanda suka saye takardun tsofaffin sojoji a wulaƙance, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Amma shekara 13 na biya ba fashi su ne jinginar da aka sayi Luwiziyana da ita.

Sai Albert Gallatin, sakataren baitulmalin Jefferson. A 1802 gwamnatinsu ta soke harajin cikin gida, har da na barasa wanda ya jawo bore a yammacin Pennsylvania a 1794. Abin da ya rage shi ne kwastan, da ɗan kuɗin sayar da fili. Kuɗin shigar 1803 ya kai kimanin miliyan 11, ga kusan miliyan 6 a ajiye. Gallatin ya riga ya keɓe miliyan 7.3 duk shekara don bashi, sai ya ɗaga shi zuwa miliyan 8, bai ƙara wa kowa haraji ba. Bashin ƙasa ya tashi daga kimanin miliyan 77 a 1803 zuwa 86 a 1804, ya kuma sauko zuwa 45 a 1812.

Raunin tsarin a fili yake: komai ya rataya ne a kan kwastan, kwastan kuma a kan yaƙin Turai, wanda ya sa jiragen Amurka 'yan ba-ruwanmu ke dakon kayan kowa. Da Jefferson ya hana jiragen ƙasarsa fita a ƙarshen 1807 don ya matsa wa Birtaniya da Faransa, kayan da ake fitarwa suka faɗo daga dala miliyan 108 zuwa 22 a shekara ɗaya, rarar ta narke. Yaƙin 1812 ya mayar da bashin sama da miliyan 120. Duk da haka an gama biyan takardun Luwiziyana a 1823, kuma in aka haɗa da kuɗin ruwa da diyyar 'yan kasuwa, abin da aka kashe ya kai wajen miliyan 27.

Diyyar nan ma ba ta tafi lami lafiya ba. Abin da mutane suka ce suna bi ya haura dala 3,750,000 ɗin da aka ƙayyade, aka yi ta rigima a Faris tsakanin jakada da kwamitin tantancewa kan wa za a biya, wa za a bari.

Sadiya A.

Allah Ya ƙara basira, Malam Bashir da Malama Rabi. Ashe bashi aka ci. To da aka miƙa takardun, filin ya zama na Amurka ke nan? Na ga ana cewa eka ɗaya ba ta kai santi uku ba.

Barista Nura

Malama Sadiya, lissafin santi ukun daidai ne a kan allo: murabba'in mil 828,000, wajen eka miliyan 530, a raba musu dala miliyan 15. Amma yana ɓatar da mutane, domin cinikin biri a sama aka yi. Mai sayarwa bai riƙe kayan ba, mai saye bai san iyakarsa ba, masu zaune a ciki kuma ba a tambaye su ba.

Fara da mai sayarwa. Ranar da aka sa hannu, tutar Sifaniya ce ke kaɗawa a New Orleans. Faransa ta kuma yi wa Sifaniya alkawarin ba za ta taɓa miƙa yankin ga wata ƙasa ta uku ba, don haka jakadan Sifaniya a Amurka ya yi ƙorafi cewa cinikin haramtacce ne, sai dai ba su da ƙarfin hanawa. Ranar 30 ga Nuwamba 1803 Sifaniya ta miƙa garin ga wakilin Faransa, Laussat. Ya riƙe shi kwana 20, ya miƙa wa wakilan Amurka, William Claiborne da Janar James Wilkinson, ranar 20 ga Disamba. A St. Louis sai Maris 1804 aka yi irin wannan bikin.

Sai kundin tsarin mulki. Babu inda ya ce gwamnatin tarayya za ta iya sayen ƙasar waje ta mai da mutanenta 'yan ƙasa. Jefferson kuwa shi ne ya ce bankin ƙasa na 1791 ya saɓa wa kundin saboda ba a ambace shi ba. Ya ga kansa gaba kura baya sayaki, har ya zauna ya tsara gyaran kundin. Amma gyara yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu da kashi uku cikin huɗu na jihohi, wato 13 cikin 17, yarjejeniyar kuma ta ba da wata shida kacal. Livingston ya aiko cewa Napoleon ya fara nadama, yana neman hujjar fasawa. Sai aka ajiye maganar gyara, aka kira majalisa ranar 17 ga Oktoba, dattawa suka amince ranar 20 da ƙuri'a 24 da 7. 'Yan jam'iyyar Federalist na arewa maso gabas, waɗanda a da su ne masu son faɗaɗa ikon tarayya, su suka koma masu cewa an keta kundin. Tsoronsu na gaske shi ne sababbin jihohin yamma su rinjaye su a majalisa. Kotun ƙoli ba ta tabbatar da cewa gwamnati na iya samun ƙasa ta yarjejeniya ko ta yaƙi ba sai 1828, a wata shari'a da ta shafi Florida.

Iyaka kuma, yarjejeniyar ba ta ja layi ko ɗaya ba. Ta kwafi lafazin San Ildefonso ne: yankin da faɗin da yake da shi a hannun Sifaniya, da wanda yake da shi lokacin da yake hannun Faransa. Waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Amurka ta ce har yammacin Florida da Texas suna ciki, Sifaniya ta ce a'a. A 1806 sojojin ɓangarorin biyu sun kusa gwabzawa a kogin Sabine, kwamandojin suka bar wani zirin ƙasa babu mai mulkinsa, ya zama matattarar 'yan fashi. An daidaita arewa da Birtaniya a 1818 a kan layin digiri 49 har duwatsun Rocky. Kudu da yamma sai a yarjejeniyar John Quincy Adams da Luis de Onís ta 1819: Amurka ta sami Florida, ta ɗauki nauyin biyan mutanenta diyyar dala miliyan 5 da suke bin Sifaniya, ta haƙura da Texas, aka ja layi daga Sabine har digiri 42 zuwa tekun Pasifik.

Yanzu ga gundarin maganar. Bayan New Orleans da St. Louis da 'yan garuruwan bakin kogi, ƙasar tana hannun Osage da Sioux da Pawnee da Comanche da Mandan da Quapaw da sauransu. A dokar Turawa ta lokacin, abin da Faransa ta sayar shi ne haƙƙin zama ita kaɗai za ta karɓi fili daga hannun waɗannan al'ummu, babu wata ƙasar Turai da za ta shiga. Alƙali John Marshall ya rubuta wannan ƙa'ida a hukuncin 1823. Don haka kowane yanki sai an sake karɓarsa da yarjejeniya, ko da bashi, ko da bindiga. A Nuwamba 1804 William Henry Harrison, gwamnan yankin Indiana, ya sa wasu 'yan tsirarun mutanen Sauk da Meskwaki, waɗanda ba a wakilta su sayar da komai ba, suka sa hannu a St. Louis kan miliyoyin eka a gefen Misisipi biyu, a kan kayan dala dubu biyu da 'yan kai da dala 1,000 duk shekara. Ƙin amincewa da wannan takarda shi ya haifi yaƙin Black Hawk, jagoran Sauk, a 1832. Jefferson da kansa ya rubuta wa Harrison a 1803 cewa a bar manyansu su ci bashi a kantunan gwamnati, in ya fi ƙarfinsu za su biya da fili.

In an karɓa, sai awo, bisa tsarin dokar 1785. Ma'auni sarƙa ce mai ƙafa 66. Sarƙa 80 mil ɗaya. Ana yanka ƙasa murabba'i mai mil shida kowane gefe, a raba shi gida 36, kowane gida eka 640, gida na 16 a keɓe shi don makaranta. Matsala ta farko ita ce duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce: layukan da suka miƙa arewa suna matsowa kusa da juna, sai an riƙa jan layin gyara, a tura ragowar kuskuren zuwa gidajen arewa da na yamma. Ta biyu, Faransawa da Sifaniyawa sun riga sun raba bakin kogi a dogayen filaye sirara masu fuskantar ruwa, waɗanda ba su shiga murabba'i. Wasu takardun mallakar ba a kammala su ba, wasu kuma bayan ciniki aka rubuta su aka mayar da kwanan wata baya. Kwamitocin tantancewa sun shafe shekaru gommai a kai.

Farashi ma an sha gyara shi. A 1796 dala 2 ce eka, mafi ƙanƙantar saye eka 640, wato dala 1,280, abin da talaka ba ya iyawa. A 1800 aka rage zuwa eka 320 da bashi: rubu'i a cikin kwana 40, sauran a cikin shekara huɗu. A 1804 aka sauko eka 160. Bashin ne ya zama tarko. Bayan yaƙin 1812 auduga ta yi tsada, mutane suka yi ta saye da kuɗin takarda na ƙananan bankuna, sai farashin ya karye a 1819, masu saye suka wayi gari gwamnati na bin su sama da dala miliyan 20. Dokar 1820 ta soke bashin: eka 80, dala 1.25 kowace eka, kuɗi hannu. Dala 100 ta ishi mutum ya mallaki gona.

Malam Bashir

Barista ya cika, sai abu ɗaya da bai kamata a tsallake ba. Sashe na 3 na yarjejeniyar ya yi alkawarin shigar da mazauna yankin cikin tarayya da kare 'yancinsu da dukiyarsu da addininsu. Masu bayi suka ce kalmar dukiya ta haɗa da bayinsu. A 1804 majalisa ta raba yankin a layin digiri 33, ta naɗa wa kudancin gwamna da majalisar mutum 13 ba tare da zaɓe ba, ta hana shigo da bayi daga ƙasashen waje, amma ba ta taɓa bautar da ke wurin ba. Bayi suka ci gaba da shigowa daga tsofaffin jihohi, New Orleans ta zama babbar kasuwar bayi ta ƙasar. A Janairu 1811 bayin gandayen rake da ke sama da garin suka yi bore, ɗaruruwansu suka nufi birnin, aka murƙushe su cikin 'yan kwanaki. Luwiziyana ta zama jiha a 1812.

Lissafin majalisa ne ya fasa ƙwan. A lokacin kundin yana ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi wajen rabon kujerun wakilai, kowace jiha kuma sanata biyu gare ta. Da Missouri ta nemi zama jiha, ɗan majalisar wakilai James Tallmadge na New York ya kawo gyara a Fabrairu 1819 cewa a hana shigar da sababbin bayi, 'ya'yan da za a haifa kuma a 'yanta su a shekara 25. Ya wuce a majalisar wakilai, ya faɗi a ta dattawa. A ƙarshen shekarar jihohi 22 ne, 11 masu bauta, 11 marasa. Sulhun 1820 ya shigar da Missouri da bauta, ya yanko Maine daga Massachusetts ba bauta, ya kuma ja layi a digiri 36 da rabi: arewa da shi, a sauran filin cinikin 1803, babu bauta. Layin ya tsaya shekara 34, dokar Kansas da Nebraska ta 1854 ta goge shi, kuma Kansas ɗin da aka fara zubar da jini a kanta tana cikin filin da Barbé-Marbois ya sayar.